Turken Ƙarshe a Gonar Ayaba

A gonar kamfani, ayaba ma tana da riga. Tun nononta yana ƙarami ake zura masa shuɗiyar leda a ɗaure wuyan, kada ƙwaro ya taɓa, kada feshi ya ɓata fata, don waɗanda ake kai wa a ƙetaren teku ba sa sayen ayaba mai tabo. Ɗan Adam ne kawai ba a yanka wa komai ba. Abundio Murillo ya yi furfura da tuta a hannu a gonar nan ta arewacin Honduras, kuma duk tsawon shekarun abin da yake rufawa a kansa shi ne tsohuwar ledar da ayaba ta gama da ita, wadda yake tsintowa a bakin lambatu.

Masu zama a ofis sun ce aikin tuta aikin hutu ne. Allah ya ba su irin hutun. Da sassafe, kafin iska ta motsa, za ka tsaya kan turke a bakin layi, ka ɗaga doguwar gora mai farin ƙyalle har ta zarce ganyen ayaba, da hannu biyu kuwa, don ɗaya ba ya iya mata. Matuƙin jirgin feshi ya hango ta, ya saita hancin jirginsa a kanka, ya taho ƙasa-ƙasa yana zubo magani. Ba a yarda ka goce kafin ya iso ba, wai layi zai karkace. Sai ya wuce ta kanka ya jiƙe ka sharkaf da wani ruwan ɗorawa mai maiƙo, sa'an nan ka matsa turke na gaba ka sake kiran sa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya riƙe tutar kafin Abundio, wato Don Leonidas, yana nan zaune a ƙofar ɗakinsa, idanunsa sun yi fari fat, da taku yake gane mutane. Likitan kamfani ya ce tsufa ne.

Amma ba tsoron makanta ne ke cin Abundio ba. Turken ƙarshe ne. Wanda ya kafa shi da ma'auni ya kafa, bai ɗaga kai ya duba abin da ke bayansa ba, ko kuwa ya duba ya ga bai dame shi ba. Duk wanda ya ɗaga tuta a kan turken nan, layin jirgi zai ratsa ta kan gidajen ƙarshe na barikin leburori, ya bi ta kan rijiya, ya ƙare a rafi. Tuni kifi ya daina zama a rafin. Kwaɗin da da suke hana mutane jin maganar juna da damina sun yi shiru. Mata in sun ji ƙugin jirgi sai su kwasa a guje, wannan ta rufe randa, waccan ta kwashe shanya, wata ta kora yara ƙarƙashin gado.

Gidan da ya fi kowanne kusa da turken kuwa na Matilde ne, 'yar Abundio ɗaya tilo, da mijinta Bartolo mai saran ayaba. Bara cikinta ya zube bayan ya tsufa, aka binne ɗan a cikin ƙaramin farin akwati bayan coci. Likitan nan dai ya ce jini ne ya yi mata ƙaranci, ta riƙa cin wake. Wake! Yarinyar da tun da aka yaye ta ba ta san wani abinci ba sai wake. Bana ga wani cikin ya fito, ya yi ƙwari. Tun ranar jana'izar, Abundio bai ƙara taka turken ƙarshe ba. In ya zo layin, sai ya tsaya nesa kaɗan da shi ta cikin gona, ya ɗaga tutar a nan, feshin ya sauka kafin ya kai ga rufin kwano. Har ciyawa ta mutu a inda yake tsayawa. Layukan ayaba na gefen kuwa suka fara baƙin tabo a ganye, mai ido duk yana gani.

Heluma Rufino yana da ido, amma ya kawar da kai, domin shi ne ya riƙe Matilde ranar da aka yi mata baftisma, ya zama padrinonta, wato ubanta na baftisma. Shi da Abundio kompadre suke kiran juna, kuma a nan ba a wasa da wannan zumunci: ba ka zagin kompadrenka, ba ka kai ƙararsa, in ya roƙe ka abu ba ka ce masa a'a. Sai dai ba Abundio kaɗai ya yi wannan dabara ba. Kowane lebura in ya haihu wurin heluma yake kai jariri, don a samu inuwa, har ta kai ga rabin barikin 'ya'yan baftismar Rufino ne. Shi ma kansa ba ya iya riƙe sunayensu.

Ana saura 'yan kwanaki bikin Waliyyi Isidro, majiɓincin manoma, Rufino ya zo gidan Abundio da la'asar. Fidelina, matar Abundio, tana gasa gurasar masara. Matilde ma tana nan tana tsince wake. Da ganin baƙon ta miƙe da ƙyar, ta haɗa tafuka a ƙirji.

"Albarka, padrino."

Rufino ya cire hula, ya ɗora hannun dama a kanta kamar yadda ya saba tun tana rarrafe. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kai, wannan ciki ko tagwaye ne? Bartolo ya fara neman aiki na biyu."

Aka yi dariya, aka ba shi kofi. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ruwan sama zuwa ciwon baya, sai da Matilde ta tafi gida sa'an nan ya ajiye kofin.

"Kompadre, kogi ya kawo, Fada ba zai iya hayewa ba bana. Kai za ka yi wa kayan aiki albarka."

Wannan ba sabon abu ba ne. Fada, wato limamin coci, shi kaɗai ne a kan ƙauyuka birjik, sai a yi wata da watanni ba a gan shi ba. Abundio ne wakilin Kalma na barikin: shi ke jan sujada ranar Lahadi, shi ke addu'ar gawa, a wurinsa Fada ke barin ruwa mai tsarki.

"Na sani," in ji Abundio.

"To, manaja yana so in an gama a coci, a zaga da waliyyi har filin jirgi. Sun sayo sabo. Ka yayyafa masa."

Fidelina ta juyo da gurasa a hannu. "A yayyafa wa me?"

"Jirgi, komadre. Ai shi ma kayan aiki ne."

"Tabɗi! Shi ya yayyafa mana ran Talata, mu mu yayyafa masa ran Lahadi. Zumunci ya yi daɗi. Ka ce wa manaja ya ɗebo ruwan rafi ya yi wa abinsa wanka, ai ya riga ya tsarkake shi."

"Fidelina," in ji Abundio.

"Kada ka Fidelina ni! Ba kai ke tsayawa gaban jama'a kana cewa aiki domin mutum aka yi shi, ba mutum domin aiki ba? Ba kai ka ce ƙasa da ruwa amana ce Allah ya ba mu, ba gadon uban wani ba? Ko a coci kaɗai maganar take aiki?"

Rufino bai kula ta ba. Ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "Kompadre, manaja ya zaga gefen bariki makon jiya. Ya ga ganyen. Na ce masa iska ce ke kwashe maganin. Bai yarda ba, amma ya yi shiru. In ka ba shi kunya a gaban baƙinsa, ran Litinin ba ka da tuta. Wanda za a ba kuwa a kan turke zai tsaya, cif. Ka san rufin wa ke bayan turken. Ɗigon ruwa ne fa kawai, da 'yan kalmomi. Ni kompadrenka nake roƙon ka."

Ya sa hularsa ya fita.

Abundio ya daɗe zaune yana kallon hannuwansa, waɗanda fatarsu ta daddare kamar bayan ƙadangare. Gaba kura, baya sayaki. In ya yi albarkar, ya yi ƙarya da sunan Allah a gaban mutanen da ya yi shekaru yana gaya musu cewa ran lebura ɗaya ya fi duk ayabar da jirgin ruwa zai iya ɗauka. In ya ƙi, ya miƙa rufin 'yarsa ga wanda bai san ta ba. Haushi ya cika shi, ba na Rufino kaɗai ba, har da na kansa, da ya zama mutumin da ke satar 'yan taku a ɓoye alhali gaskiyarsa ce ƙiri-ƙiri.

"Zan yi," ya ce.

Fidelina ta dangwarar da farantin a gabansa har wake ya fantsala. "Yi mana. Amma ka sani, in ka ɗaga hannun nan a kan abin da ya kashe mini jika, kada ka ƙara ɗora shi a kan abincina da sunan addu'a."

Ranar biki gari ya waye tas. Aka fito da mutum-mutumin waliyyi a kan makara mai ado, an rataya masa zangarniyar masara da lemo da furanni. Da can har da busasshen kifin rafi ake ratayawa. Bana wata tsohuwa ta ɗaura masa gwangwanin sadin, ba wanda ya yi dariya. A ƙofar coci mutane suka jera abin da suke ci da shi: adduna, tsani, igiyoyi, alfadarai da aka yi wa kitso a geza, shanun noma na ƙauyen ƙetaren hanya, keken ɗinki, har da kaskon gasa gurasa. Abundio ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bokiti, yana tsoma reshen lemo yana yayyafawa. Don Leonidas ma an jawo shi, rungume da tsohuwar gorar tutarsa, don bai taɓa fashin kawo ta ba. Da ruwan ya sauka a fuskarsa ya ce, "Wannan dai ba ya zafi, Abundio." Abundio ya wuce gaba.

Daga nan aka ɗunguma filin jirgi da kiɗa da harbin tartsatsi. An kafa rumfa, an jera kujeru na manya. Manaja yana tsaye cikin farar riga, matarsa a gefe da ɗan ƙaramin farin karenta mai jan ƙyalle a wuya. Jirgin kuwa ga shi nan, rawaya, yana walƙiya, an ɗaura masa furanni a hanci kamar ango. An riga an gwada shi da safe, don haka bututun da ke ƙarƙashin fikafikansa suna ta ɗiga, maganin ya yi ɗan tafki a kan siminti.

Manaja ya yi jawabi. Ya ce kamfani da leburori iyali ɗaya ne. Ya ce wannan jirgi zai yi a rabin lokaci abin da tsohon yake yi, ya zubar da ninki. Aka tafa daga rumfa. Sa'an nan ya yafito Abundio da yatsa.

"Zo, malamin coci. Ka zuba da kyau a kan bututun, kada su riƙa toshewa."

Abundio ya taho. Ya riga ya shirya kalmominsa, gajeru, waɗanda zai faɗa da sauri ya wuce. Ya tsoma reshen a bokiti, ya ɗaga. A daidai lokacin ɗan karen ya zame daga hannun uwargijiyarsa, ya nufi tafkin nan da ke ƙarƙashin fiffike yana shinshina.

"Kai! Kama shi!" Manaja ne da kansa ya daka tsalle, ya suri karen. "Guba ce! Wa ya bar wannan abu a ƙasa? Kawo ruwa da sabulu, maza, ya taka da ƙafa!"

Makanike ya sheƙo da bokiti. Matar ta fara kuka. Mutum uku suka durƙusa a kan siminti suna wanke ƙafar kare, yatsa bayan yatsa.

Abundio yana tsaye da reshe a sama, ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunsa. Ashe sun sani. Ba jahilci ba ne, ba kuskuren ma'auni ba ne. Sun san sunan abin, sun kuma faɗe shi da bakinsu, da ya taɓa kare. Wani abu ya taso masa daga ciki, mai zafi, ya shafe duk lissafin da ya kwana biyu yana yi, har fuskar Matilde ma ya shafe.

Ya juya ga matuƙin, wani saurayi mai gicciye a wuya wanda ya cire hula yana jira. Ya yayyafa masa. "Kai mutum ne, ɗan wata uwa ne. Allah ya tsare ka, ya sauke ka lafiya kullum." Sa'an nan ya jefa reshen cikin bokiti.

"Saura jirgin," in ji manaja, yana rungume da kare.

"Ba zan yi ba."

"Me ka ce?"

"Ka ji ni, ranka ya daɗe. Na yi wa adda albarka, don tana ciyar da mai ita. Na yi wa alfadari, don in ya gaji ana sauke masa kaya. Wannan fa? Yanzu ka kira shi da sunansa, kowa ya ji. Guba! Ƙafar kare ta taɓa, an kawo sabulu. Ni shekara nawa nake wanka da shi? Ka tambayi Don Leonidas ina idanunsa. Ka je bayan coci ka ƙirga ƙananan kaburbura. Allah ya ba mu rafi da kifi a ciki, ina suke? Aro aka ba mu ƙasar nan, da mu da ku, kuma Mai ita zai tambaya. Kuna yi wa ayaba riga kuna barin mutum tsirara, sa'an nan ku ce in kira sunan Allah a kai? Ruwan nan ba na wanke laifin kamfani ba ne. Ku cire turken ƙarshe, ku ba mai tuta abin rufe jiki, ranar nan ni da kaina zan zo in yi masa albarka har wutsiya."

"Kompadre!" Rufino ya riƙo hannunsa, fuskarsa ta yi fari. "Kompadre, don Allah."

Abundio ya fizge. Abin da ba a yi wa kompadre, ya yi shi a gaban duniya. Masu ɗauke da waliyyi suka dubi juna, suka juya makarar ba tare da an ce musu ba, jama'a suka bi su. Aka bar rumfa da lemon kwalba da soyayyiyar kaza ba mai ci.

Ran Litinin aka karɓe tutar, aka ce ya kwashe kayansa daga gidan kamfani kafin ƙarshen mako. Fidelina ta zuba masa abinci da hannu biyu, ta tsaya har ya yi addu'a. Amma shi abincin bai shiga ba. Zafin ya huce, lissafin ya dawo. Ya faɗi gaskiya, to, sai me? Bartolo bai yi laifi ba, ba za a kore shi ba, kuma ba shi da inda zai kai matarsa. Matilde na nan a ƙarƙashin layin, ga sabon jirgi mai zubar da ninki, ga shi ba uban da zai saci taku. Ya je ya roƙe ta ta tafi wurin gwaggonta a kan dutse. Ta ce da wace mota, a kan wace hanya, da kogi a cike? Ya fito yana jin kamar ya sayi mutuncinsa da cikin 'yarsa.

A ranar aka bi bariki gida-gida ana neman mai riƙe tuta. Wannan ya ce bayansa, wancan ya ce idonsa, wani ya ce matarsa ta rantse za ta bar shi. Tun da aka murƙushe ƙungiyar ƙwadago shekarun baya ba a ga leburori sun yi baki ɗaya haka ba, ba taro, ba shugaba. Manaja ya ce ba komai, heluma ya riƙe da kansa, shi kuma zai zo ya gani da idonsa cewa an tsaya a kan kowane turke.

Ran Talata da sassafe Abundio yana ƙofar gidan Matilde. Sun rufe randa, sun toshe tagogi da buhu. Bartolo ya tafi sara tun da duhu. Can daga nesa jirgin yana ta kai da kawowa, kowane zuwa ƙuginsa yana ƙara kusa. Motar manaja tana tsaye a kan hanya, gilashi a rufe.

Sai ga mai tuta ya ɓullo daga cikin ayaba. Da farko Abundio bai gane shi ba. Sanye yake da rigar roba har ƙasa, da takalmin roba, da safar hannu, da gilashi a ido, da wani baƙin abu mai hanci biyu da ya rufe baki. Sabbi ful, har da alamar ninki. Shekara da shekaru Abundio yana tambayar irinsu, ana ce masa babu a sito, sai an yi oda daga waje. Ashe suna nan. Ya ji kamar ya ɗauki dutse.

Rufino ya iso inda ciyawa ta mutu. Ya tsaya. Ya dubi sawun takalmin da ke ƙasa, ya waiga ya dubi motar manaja. Aka danna ham sau ɗaya. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba, ya zo ya hau kan turken, cif, ya ɗaga gorar da hannu biyu. Can ƙarshen gona jirgin ya karkata fiffike, ya juyo.

Abundio bai ji buɗewar ƙofa ba. Sai dai ya ga Matilde ta wuce shi, ba mayafi, ba takalmi, hannu ɗaya tallafe da ciki.

"Matilde! Koma ciki! Ke, kin haukace ne?"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ya bi ta da gudu, ya riƙo ta, ta doke hannunsa. "Baba, ka yi naka ran Lahadi. Bar ni in yi nawa." Ta tsallake lambatu, ta je ta tsaya a gaban mutumin roba, ta haɗa tafuka a ƙirji.

"Albarka, padrino."

Rufino ya yi wata magana a cikin abin bakin nan, yana nuna mata gida da haɓa.

"Ban ji ba, padrino. Cire wannan abin, kamar alade nake ji yana gurnani. Albarka na ce."

Ƙugin ya cika sararin. Abundio ya hango hancin jirgin ya daidaita a kansu, ga farin hazo yana biye da shi a kan ayaba, yana tahowa. Ya yage rigarsa zai rufa mata, shi da ya san riga ba ta tare komai. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, bai kuma taɓa tsanar wani abu kamar yadda ya tsani duniyar da sai mace ta kai cikinta gaban guba kafin a tuna ita mutum ce ba.

Ba a yin albarka da hula a ka, ba a yin ta da hannu a cike. Rufino ya san wannan tun kafin ya san ayaba. Ya saki gorar. Ta faɗi warwas cikin taɓo, farin ƙyallen ya nutse a lambatu. Da matuƙin ya ga tuta ta ɓace, ya ga mace a inda take, sai ya rufe bututu ya ja jirgin sama. Ya wuce ta kansu a bushe, iskarsa kawai ta kaɗa rufin kwano.

Rufino ya fizge abin bakin, ya cire gilashi da safa. Fuskarsa jiƙe take, ba duka ba ne gumi. Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ya dubi cikinta. "Ke da abin da ke cikinki. Yanzu ki tafi, don Allah. Zai zagayo."

Gaskiya ne, jirgin yana zagayowa. Manaja ya fito daga mota yana ihu, yana nuna gorar, amma bai matso ba, don ganyen da ke tsakaninsu yana ɗiga. Rufino ya sunkuya, kamar zai ɗauka.

"Albarka, padrino."

Ba Matilde ba ce. Wata matar aure ce daga gida na biyu, da goyo a hannu, ta taka gorar da ƙafa. A bayanta ga ƙanenta mai ɗaure ledar ayaba, ya baro aikinsa. A bayansa ga wasu 'yan mata biyu, ga wani ƙato mai gemu wanda Rufino ya riƙe yana jariri, ga ƙofofi suna ta buɗewa har can tsakiyar bariki. Fidelina ce ke bi tana ƙwanƙwasa su da ludayi. Layi ya miƙe daga turke har rijiya, kowa da tafuka a haɗe, kowa yana jiran haƙƙinsa.

Rufino ya dubi layin, ya dubi manaja, ya dubi jirgin da ke shawagi yana neman tutar da ba ta nan. Daga ƙarshe ya dubi Abundio, wanda ke tsaye tsirara daga ƙugu zuwa sama, ba aiki, ba gida, da yagaggiyar riga a kafaɗar 'yarsa.

"Ka kashe ni, kompadre," ya ce.

"Ni? Ban kira kowa ba. Kai ka tsaya a gaban Allah ranar baftisma ka ce ka ɗauke su 'ya'ya." Abundio ya ja Matilde gefe don ta ba na baya wuri. "Yi a hankali, ka kira kowa da sunansa. Kada ka tsallake ko ɗaya."